Ɗaya ga Janairun Wanzam Ɗanlami

Ina bayan kabu-kabu, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya da waya, sai saƙonni suka fara faɗowa cikin gurup ɗin gidanmu kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Barka da ranar haihuwa, Baba. Barka, Gwaggo Indo. Barka, Kawu Sani. Wani ɗan'uwanmu da ke Kano har hoton gato, wato kek, ya turo da kyandir a kai. Mutum shida a gida ɗaya, duk yau aka haife su, in dai karti, wato katin shaida, za ka bi. Mai mashin ɗin ya ji ina ta dariya ni kaɗai, ya ce, "Hajiya, lafiya dai?" Na ce yau ɗaya ga Janairu, rabin danginmu ake haihuwa. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Ai har da ni."

Nan na daina dariya. Don yau ɗin nan ce kuma shekara goma sha biyu cif da rasuwar kakana, Wanzam Ɗanlami. Shi ma kartinsa cewa ya yi ɗaya ga Janairu aka haife shi. Kuma ɗaya ga Janairu Allah ya karɓi abinsa. Da babana ya je karɓar takardar rasuwa, mai rubutawa ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce akwai kuskure. Babana ya ce, "Akwai kam, amma ba a ta ƙasan ba. Ta saman ce ba gaskiya ba."

Yau ranar hutu ce, amma kilinik ba ta san hutu ba. A nan Damagaram nake aiki, ni ce a bakin ƙofa mai shigar da sunayen marasa lafiya cikin ordinater, wato kwamfuta. Da na zauna na buɗe irin shafin nan da ke jero maka abin da ya faru a rana irin ta yau: wane sarki aka haifa, wane ɗan ƙwallo, wace ƙasa ta sami 'yanci, wane babba ya mutu. Na yi ta jan yatsa har ƙasa. Na san ba zan ga Wanzam Ɗanlami ba, amma duk da haka sai da na ji haushi. Na ce to, bari in sa shi da kaina, ko da a wannan fili ne. Ku yi haƙuri da rubutun, a waya nake yi, tsakanin wannan marar lafiya da wancan.

Ga wanda bai san yadda aka yi muka zama 'yan ɗaya ga Janairu ba: zamanin Nasara, in aka zo rubuta mutane, ba a tambayar kowa rana. Kwamis, wato malamin da ke riƙe da littafi, zai dube ka daga sama har ƙasa, ya ƙiyasta, ya rubuta an haife ka wajen shekara kaza. Shi ke nan. Haka aka yi ta tafiya har bayan mulkin kai, don mutanen karkara ba a asibiti suke haihuwa ba. Da takardu suka koma cikin inji, inji ya ce shi bai san wani wajen ba, sai an ba shi rana da wata. Sai aka raba wa kowa ɗaya ga ɗaya. Ni kaina yatsana ya saba. Kafin tsohuwa ta gama kwance bakin zane ta fiddo karti, na riga na buga.

Abin da ke mini ciwo shi ne, mutumin da aka yi wa wannan rabon, a duk yankinmu ba wanda ya kai shi sanin ranar haihuwar mutane.

Ƙauyenmu bai da nisa da Yekuwa, tafiyar amalanke kaɗan ce. Gidanmu gidan wanzamai ne tun kakan kakana. Kun san wanzami shi ake kira ran suna ya yi wa jariri askin fari. Ba yaron da zai shigo duniya a garin da ƙauyukan kewaye kansa bai bi ta hannun gidanmu ba. To su mutanen gidanmu suna da wata al'ada tasu: duk kan da suka aske sai su ɗora shi a kan jeri. Ba a takarda ba, a ka. Suna, gida, ranar mako, wata, da abin da ake yi a gona. Bayan wane sai wane. Uba ya ba ɗa, ɗa ya ci gaba daga inda uba ya tsaya.

Kullum da safe in Tsoho, wato kakana, yana wasa aska a kan fata, za ka ga bakinsa na motsi. Ina ƙarama na ɗauka wuridi yake. Sai wata rana na matsa kusa na ji yana cewa, "Bayan Ɗanjuma na gidan maƙera, Juma'a, watan Azumi, ana noman fari, sai Asabe ta bakin rijiya, watan Layya, gero ya fara fid da kai." Haka har ya gaji. In mutum biyu suka yi gardamar wa ya girmi wani, ko wa zai fara magana a taro, ko yaro ya isa ɗaukar azumi, wurinsa ake zuwa. Ba ya ɗaga kai daga aikinsa zai raba gardamar.

Gajere ne sosai. Ina shekara goma sha biyu na kamo shi. Ina ce masa angona, yana ce mini amarya, irin wasan jika da kaka. In na ce, "Angon nan nawa sai na sunkuya nake ganinsa," sai ya ce, "Ke dai 'yar birni, tuwonki ma ba ya tashi daga tukunya, da me za ki yi mini fankama?" A damtsen hannunsa na hagu akwai wani tabo zagayayye, kamar an danna bakin kwalba. Nakan sa yatsa a ciki in ce mene ne wannan. Sai ya ce, "Takardar haihuwata ke nan." Ban taɓa gane abin da yake nufi ba sai ranar da Malam Dogo ya kawo dami.

Ƙarshen hutun damina ne, saura kwana kaɗan in koma lakwal, wato makarantar boko, an fara yankan gero. Da hantsi sai ga amalanke ta tsaya a ƙofar gida. Wani tsoho ya sauko, dogo ne har sai da ya sunkuya kafin ya shigo zaure. Jikokinsa suka so su ɗaukar masa damin geron da ya zo da shi, ya buge musu hannu, ya rungumo abinsa yana haki har gaban kakana, ya ajiye.

"Yaya, na zo."

"Ka zo da kan naka ko ka baro shi gida? Zauna ƙasa, ni ba ni da tsani."

Na ce, "Tsoho, wannan ƙaton ne ke ce maka yaya?"

Ya ce, "Amarya, kawo ruwa ki bar surutu. Damina bakwai na ba shi. Takarda ce dai ta ce mu tagwaye ne."

Na ɗauka wasa ne. Malam Dogo ya laluba aljihu ya fiddo kartinsa, ni kuma na ruga ɗaki na ɗauko na Tsoho daga cikin zabira, jakar fatar da yake zuba asake. Rana ɗaya, wata ɗaya, shekara ɗaya. Malam Dogo ya ce, "Yarinya, bai taɓa ba ki labari ba ko? Ba zai ba ki ba. Zauna ni in ba ki." Tsoho ya jiƙa masa kai ya ce, "Ka rufe baki kar in yanke ka." Ya ce, "Shekara nawa kana cewa za ka yanke ni?" A ƙarƙashin aska ya ba ni labarin, ga shi kamar yadda na riƙe.

Lokacin babban yaƙin Nasara ne. Aka aiko cewa kowane gari ya ba da samari a kai soja, namu ƙauyen mutum biyu. Iyaka ga ta nan kusa, kowa na da dangi a tsallake. Masu hali tuni suka tura 'ya'yansu ziyara ƙasar Ingilishi, ziyarar da ba ranar dawowa. Dogo bai da inda za shi. Ubansa ya rasu, shi kaɗai ne ɗa namiji wurin uwarsa Kande, shi ke noma musu ɗan abin da suke ci. In ya gudu ma, uwar za a zo a tasa. Damina goma sha biyar gare shi, amma Allah ya ba shi ƙashi, ya fi kowa tsawo a garin. Kwamis ɗin da ya zo rubutu a baya ya ɗaga kai ya dube shi ya ba shi shekarun manya. Shi kuwa kakana, da kwamis ya sunkuyo ya dube shi, sai ya rubuta yaro. Wannan kuskuren ya ɓoye shi shekara biyu ana ɗibar sa'anninsa, kuma shi da bakinsa ya gaya mini bai taɓa zuwa ya ce a gyara ba. "Wa zai je?" in ji shi. "Daɗi ma na ji."

Aka tasa samarin a ƙasa har Magariya, aka jera su a fili gaban biro, wato ofishin kumandan, aka tuɓe musu riguna. Lokotoro, likitan Nasara, yana bi yana ƙwanƙwasa ƙirji yana duba haƙora. Daga garinmu aka ware Mamman na gidan maƙera, aka ware Dogo. Kakana yana wurin, amma ba a layi ba. Ubansa ya makance shekara biyu kafin nan, zabira ta dawo hannunsa, mai gari kuwa ya taho da shi don ya aske waɗanda aka zaɓa. Da an aske maka kai a filin nan, ka zama soja, magana ta ƙare.

Ya aske Mamman tas. Aka zaunar da Dogo a kan kututture. Ya zuba masa ruwa, ya murza, ya ɗora aska a goshi. Malam Dogo ya ce har ya ji sanyin ƙarfen. Askar ba ta motsa ba.

Kakana ya dubi tafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, kan nan bai kai ba."

Tafinta ya ce, "Kai, aski aka kawo ka yi ko shari'a?"

Mai gari ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, "Ɗanlami, rufa mana asiri. Yi aikinka mu koma gida."

Kakana ya ce, "Baba, ubana ya aske kan nan ranar Lahadi, watan Cika-ciki, ana roron wake. Damina goma sha biyar ke nan. Kai ma ka ci naman sunan."

Kumandan ya ga ana cacar baki ya tambayi abin da ke faruwa. Da tafinta ya juya masa, dariya ya yi. Ya buga littafi da hannu ya ce nan an rubuta ashirin, shi wannan ɗan guntun ya fi littafi sani ne? Kakana bai ce ya fi ba. Sai kawai ya fara jeri. Ya kama daga samarin garinmu da ke tsaye a wurin, yana nuna kowa da ƙotar aska, wane sai wane, wannan ana shuka, wancan ana sussuka, har ya sauko kan Dogo can ƙasa, bayan yaran da ko layi ba a sa su ba. Dattawan da suka yi rakiya suka fara gyaɗa kai, wasu ba su ma san suna yi ba.

Kumandan ya ce wannan waƙa ce, shi ba ya aiki da waƙa. Lokotoro ne ya ce a tambaye shi ko yana da wani abin da ido zai gani. Kakana ya ce akwai. Ya ce shekarar da Nasara suka zo suka yi wa garin lambar agana, sun tsage kowa a damtse, har jariran goye. A lokacin Kande na ɗauke da cikin Dogo. Ku duba hannunsa. Aka duba, fata sumul. Aka duba na sauran samarin garinmu, kowa da tabonsa. Lokotoro ya aika aka ɗauko nasu littafin na asibiti, ya yi ta buɗawa har ya sami zagayen da aka yi yankinmu. Shekara goma sha shida baya.

Kun ce an gama ko? Ni ma haka na ce. Malam Dogo ya ce, "Tsaya, yarinya, yanzu aka fara."

Kumandan ya ce ai mutanen nan sun iya ɓoye yara a rumbu in sun ji likita na tafe. Rashin tabo bai nuna ba a haife shi ba, ƙila ɓoye shi aka yi. Sai in akwai wanda ya ga uwar da cikin da idonsa a ranar. Ya dubi dattawa. Kowa ya sunkuyar da kai, don duk wanda ya buɗe baki ya san za a ce to kawo ɗanka a madadi. Ya juyo kan kakana ya ce, kai kuma littafi ya ce ba ka wuce sha shida ba, ran nan kana ina? Ji ka yi a bakin wani, ji kuwa ba shaida ba ne.

Nan fa wurin yake. Da ya ce ubana ne ya gaya mini, ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don uban ya gaya masa ɗin. Sai a daka masa tsawa, ya aske Dogo, ya rataya zabirarsa ya koma gida wurin makahon ubansa, kowa ma ya ce ya yi ƙoƙari. Ya ajiye aska a kan zabira. Ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa.

Ya ce, "Ina wurin. Ga tawa. Ina famfara lokacin, na gartsa wa gardin, dogarin Nasaran da ya riƙe ni, cizo, haƙorina ya fita a hannun rigarsa. Kande ce ta ɗauke ni ta rarrashe ni, cikinta na tokare ni."

Lokotoro ya kama damtsen ya duba, ya buɗe masa baki ya duba, ya lissafa da yatsu. Yaron da ke zubar da haƙoran nono shekara goma sha shida baya, yau ya haura ashirin. Kumandan ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce a sallami dogon. Ya ce amma mutum biyu aka ce masa daga garin nan, biyu kuma zai aika.

Malam Dogo ya ce sai kakana ya juyo wurinsa. Ya sa hannun riga ya share masa ruwan da ke kansa, ya ce, "Tashi, ka tsare mini wuri." Ya zauna a kan kututturen. Aka kira wani wanzamin Magariya. Da mutumin ya fiddo askarsa, kakana ya dube ta ya ce, "Mayar da wannan, ba ta da kaifi. Da tawa za ka yi."

Shi kuwa kwamis, ya ja layi a kan shekarar kakana, ya kwafi ta Dogo ya sa masa, ta Dogon kuma ya manta bai taɓa ba. Tagwayen ke nan.

Ba a bar shi ya koma gida sallama ba. Dogo ne ya kai zabirar. Ya ce ya tarar da tsohon a zaure, ya durƙusa ya ɗora masa jakar a cinya. Tsohon ya shafa ta, ya gane, ya ce, "Sun ɗauke shi?" Dogo ya faɗa masa yadda aka yi. Abin da makahon ya fara tambaya shi ne, "Ya faɗi jerin daidai? Bai tsallake kowa ba?" Dogo ya ce bai tsallake ba. Ya ce, "To madalla." Ya juya fuskarsa bango.

Damina huɗu kakana ya yi bai ga gida ba. Ya dawo ya tarar an binne ubansa tun a ta biyu. Wannan ita ce maganar da ban taɓa jin ya yi wasa da ita ba. Kafin tsohon ya rasu, sai ya zaunar da 'yarsa, yayar kakana, ya ba ta jerin gaba ɗaya. Mace ba ta riƙe aska, wani wanzami daga Sassumbrum ke zuwa yin askin suna, amma ita ke ɗora kowane kai a inda ya dace. Ranar da kakana ya dawo, bayan an yi kuka an sha ruwa, ya faɗi sunan jaririn ƙarshe da ya aske kafin tafiya, ita kuma ta ɗauka daga nan. Ba a rasa kowa ba.

Mamman na gidan maƙera bai dawo ba. Ina faɗin wannan don kar wani ya ɗauka cewa nake kakana ya kayar da Nasara. Bai kayar da kowa ba. Biyu suka ce, biyu suka ɗauka, uwa ɗaya ta samu ɗanta, wata ta rasa. In yana jeri da safe ya zo kan sunan Mamman, sai ka ga hannunsa ya tsaya a kan fatar wasa aska kaɗan, sannan ya wuce.

Da Malam Dogo ya gama, Tsoho ya hure masa gashi daga wuya ya ce, "Rabi gishiri ne." Na ce, "Angona, ba ka ji tsoro ba?" Ya ce, "Na ji mana. Amma amarya, hannu ya san kai. Ina ɗora aska na ji kan yaro ne. In na aske shi a soja, na ƙaryata ubana a gaban mutane. Kuma dama ni ya kamata a ɗauka tun bara waccan." Na tambaye shi yaƙi, ya ce ba abin ba yara labari ba ne. Abin da kawai na taɓa samu daga bakinsa shi ne sanyi, da jirgin ruwa, da cewa ya aske kawunan mutane masu yare iri-iri. "Kai duk kai ne," in ji shi, "sai dai wani ya fi wani ƙwarƙwata."

Tun shekarar da ya dawo, damin farko na gonar Dogo gidanmu yake sauka. Tsoho ya yi faɗa, ya mayar, ya yi rantsuwa, a banza. Daga baya ya haƙura, ya ce to ya zo da kan nasa a riƙa askewa, tunda ran nan bai samu ya ƙarasa ba.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau me zai ce? Gaton ranar haihuwa kam na san dariya zai yi, ya ce mutum shida sun haɗu suna murnar ƙaryar kwamis. Shagunan aski na yanzu, da inji mai ƙugi da madubi bango guda, zai ce aikin na da sauri amma mai askin bai san sunan uban wanda yake askewa ba. Saƙon murya kuwa na tabbata zai so shi, don shi dama da baki ya yarda. Haihuwar asibiti ba zai ƙi ta ba. Ni a nan Damagaram aka haife ni, takardata har da ƙarfe nawa. Da na nuna masa ina taƙama, ya ce, "Ta yi kyau. To ta gaya miki wa ya riga ki, wa ya biyo ki?" Na ce a'a. Ya ce, "Ashe ke kaɗai ce a ciki."

Wanda zai sha faɗa ni ce, da wannan yatsan nawa mai buga ɗaya ga ɗaya tun ba a miƙo karti ba. Shi ya sa kwanakin nan na canza. In layi bai yi yawa ba sai in ce, "Iya, an gaya miki lokacin da aka haife ki?" Wallahi sai ka ga fuska ta buɗe. "Ranar Talata ce, 'yata, ana cirar gyaɗa, shekarar da rijiyar garinmu ta rufta." Ordinater ba ta da gurbin cirar gyaɗa. Ɗaya ga ɗayan dai nake bugawa. Amma na ji, ita ma ta faɗa.

Jerin kuwa, gaskiya ba zan ɓoye ba, ya tsinke. Babana lakwal aka sa shi, ya zama mushe, wato malamin makaranta, bai riƙi aska ba. Ƙannensa kasuwa suka bi. Gwaggo Indo ce ta tsinci abin da ta tsinta don ita ke kai wa Tsoho ruwa da safe. Bara na je na ɗauki muryarta a waya. Tana tafiya tana tsayawa, ta ce nan akwai mutum uku na manta, nan ban san ko Azumi ba ne ko Layya. Amma ƙarshen ta riƙe shi da kyau, don kan jariri na ƙarshe da Wanzam Ɗanlami ya aske kafin ya bar askin suna nawa ne. Mota ya shiga tun daga ƙauye ya zo, ya ce ba wanda zai taɓa kan amaryarsa. "Bayan Sallau na gidan liman, sai Balaraba, Laraba, ana maimai, a birni."

Ranar da ya rasu ina gidan, hutun ƙarshen shekara ya kai ni. Ya kwana biyu yana jin jiki. Da safe ya tambayi rana kamar yadda ya saba, aka ce Talata. Babana ya ce masa cikin wasa, "Baba, yau fa bonane, sabuwar shekara, ranar haihuwarka ta takarda." Ya yi murmushi ya ce, "Su riƙe abarsu. Ni Alhamis ce, ana shuka, sunana ma ya faɗa." Kafin azahar ya cika. Malam Dogo, da ƙyar yake tafiya lokacin, ya ce sai an kama shi ya shiga cikin masu wanka. Da ya fito ya ce ya ga lambar, tana nan yadda take. Bayan kwana bakwai Gwaggo Indo ta ɗora shi a kan jerin da bakinta: Talata, da hantsi, an rufe rumbuna. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Malam Dogo da ya bi shi bayan damina biyu, ya jiƙan Mamman da ba mu san inda kabarinsa yake ba.

Me ya rage? Zabira na rataye a ɗakin babana, asaken sun yi tsatsa. Kartin na nan da ƙaryarsa. Amma a kakar da ta wuce, kamar kowace kaka, direban motar Magariya ya kira babana ya ce a zo tasha a ɗauki saƙo. Damin gero ne ɗaure a saman mota, daga jikokin Malam Dogo. Gidansa yanzu ya fi unguwa, akwai manoma, akwai malamai, akwai wata da ke karatun ungozoma a nan garin. Wasu daga cikinsu ba su ma san dalilin damin ba, sun dai tashi sun ga ana yi. Duk mutanen nan daga kan da aka jiƙa ba a aske ba suka fito. Shafin da na buɗe da safe bai san da wannan ba, ni na sani, yanzu ku ma kun sani.

Ga wata tsohuwa nan ta shigo tana kwance bakin zane, dole in ajiye waya. Amma ku da kartinku ko na iyayenku ya ce ɗaya ga Janairu, kafin ku yanka gato yau, akwai wani tsoho ko tsohuwa da ya rage a gidanku wanda ya san ainihin ranar, ya san wa aka aske kafin ku da wanda ya biyo baya? In akwai, me kuke jira ba ku kira shi ba?